Allon da Ruwa Ya Wanke

A makarantar Alhaji Maikuɗi da ke bakin hanyar Bakori, da kunne iyaye suke auna karatu. In sun zo wucewa gona suka ji aji na ihu, sun gamsu.

Ajin Malama Naja'atu ba ya ihu. Sautin haruffan Turanci take koya wa yara, su haɗa kalma da kansu, sannan ta ɗaga abin da kalmar take nufi: cokali, takalmi, zangarniyar masara. A ɗayan ajin, Malam Kamalu yana faɗa, yara suna maimaitawa har kwanon rufi ya amsa.

Da ɗalibai suka ragu, Alhaji ya ce zai haɗe azuzuwan biyu a hannun malami ɗaya. Iyaye za su zaɓi malamin ranar Asabar.

Daren Juma'a aka yi ruwa. Rufin ya yi yoyo, ruwa ya wanke rabin allon da Kamalu ya cika da rubutu. Bai lura ba sai da iyaye suka zauna.

Naja'atu ce ta fara. Ta miƙa wa wata yarinya, Tani, littafin da ba ta taɓa gani ba. Tani ta ɗora yatsa, tana tsayawa, tana komawa baya. Ta kai ƙarshen layi, ta faɗi ma'anarsa da Hausa.

"Wannan ai in'ina ce," in ji Malam Rabe, baban Tani. "Malama, a gida bakinta ba ya hutawa. Me kika yi mata?"

Aka yi dariya.

Kamalu ya ɗauki sanda ya nuna layin farko. Yaransa suka kwasa da murya ɗaya. Sanda ta sauko inda ruwa ya wanke, inda babu komai sai baƙin allo. Ba su ko yi tuntuɓe ba. Kamalu ya ci gaba da jan sandarsa a kan wayam har ƙasa.

"Ranka ya daɗe," in ji Naja'atu tana duban Alhaji, "babu rubutu a wurin."

"Shi ne ƙwarewar, Malama," in ji Alhaji. "Naki ga rubutun a gabansu ma da ƙyar."

Hajiya Bilki, shugabar iyaye mata, ta rangaɗa guɗa.

Ranar Litinin Naja'atu ta zo ta kwashe cokalinta da takalmin. Masarar ta bar musu. Ta taga ta hango Tani a layin gaba, littafi a rufe, tana ihu tare da saura.