Auta Ba Mai Haƙuri Ba Ce

…sannan in sun ce me ya kawo ni wannan aikin, kada in yi saurin amsawa. Shiru tukuna. Haka malamina Sha-Jirgi ya koya min. In sunkuyar da kai kaɗan, in ɗago, in dubi idon kyamara — ba fuskokinsu ba, wannan ɗan baƙin ɗigon da ke saman kwamfuta — in ce musu ina da ƙanwa.

Ke ke nan, Auta. Yau ma ke za a fito da ke.

Dubi inda yayarki take. Ɗakin ajiya na bayan ɗakin gwajin jini, don duk faɗin asibitin nan, nan ne kaɗai intanet ba ya ɗaukewa. Na rataya farin zanen gado a bayana kada su ga kwalayen safar hannu da bokiti. Fanka na kashe ta, wai tana ƙara… zufa sai bin gadon bayana take. Firijin jini na ta gurnani a gefe, shi ba a kashe shi. Allon kwamfuta ya ce in jira, za a shigar da ni. Ina jira. Ai mun iya jira, ni da ke.

Da kin ga kot ɗin nan da na aro — kafaɗunsa sun fi nawa faɗi — da kin yi dariya har ƙirjinki ya fara ciwo na ce ki bari haka.

Wata gidauniya ce a ƙetare za ta yi min tambayoyi. Duk shekara suna ɗaukar likitoci kaɗan daga ƙasashe irin tamu, su kai su can su yi bincike a kan lafiya da haƙƙin ɗan Adam, su dawo da tallafi, da kuma abin da ya fi tallafin: suna. Ni sunan nake so. Shekara da shekaru ina kai koke ofishin shugabannin asibiti, ana cewa an gani, za a duba. In na dawo da tambarin mutanen can, har kujera za a ba ni. Kuma me nake nema? Wani babban abu ne? Mai sikila in ya shigo yana murƙususu, a yi masa allurar kashe zafi tukuna, kafin a fara ƙare masa kallo ana cewa ɗan ƙwaya ne. Shi ke nan fa. A rubuta ya zama doka, a liƙa a bango, nas ɗin da ta ƙi ta san akwai mai tambayarta. Bana ce kuma ta ƙarshe gare ni. Suna da iyakar shekaru, baɗi na tsufa a wurinsu.

Mun san irinku… kullum ku ne…

Ita muryarta ba ta ɓace min ba. Nas ɗin. Bencin katako a baranda, bakin ƙofar ɗakin agajin gaggawa, ke a kai kin dunƙule, ni kuwa ɗalibar likitanci da ɗan kati a wuya wanda ba wanda ya ko kalla. Ta ce sai kin yi shiru za a duba ki. Sai kin nutsu. Wai mai ciwon gaskiya ba ya da ƙarfin zagi.

Ke kuwa kin zaga. Wayyo Auta, kin zaga! Ita, da takalminta mai ƙara, da janbakinta, da wanda ya ba ta aikin — har kafintan da ya yi bencin bai tsira ba. Kika kamo hannuna kika gartsa min cizo, ga tabon nan a tsintsiyar hannu, na ja hannun kot na rufe shi. Kafin a ga dama a zo da allurar, ciwon ya riga ya hau ƙirji. Daga nan ba ki ƙara zagin kowa ba.

Karon farko da na nemi irin wannan gurbin, haka na faɗa musu. Yadda ya faru. Da zagin, da cizon, da janbakin. Ban kai ƙarshe ba kuka ya ci ƙarfina, hawaye, majina, komai, wani daga cikinsu yana ta cewa in sha ruwa. Saƙo ya biyo baya: sun yaba ƙwarai, masu nema sun yi yawa, suna min fatan alheri. Wata gidauniyar ma haka. Da fatan alheri na kashe zafi, da tuni na rufe sashen masu sikila.

Sai Sha-Jirgi ya kira ni ofishinsa. Babban likitanmu ne, ba ki san shi ba. Mun sa masa sunan ne don in ba ya filin jirgi to yana hanyar zuwa, ba gidauniyar da ba ta san fuskarsa ba. Mutumin kirki ne, kar ki harare shi. Ya zaunar da ni ya ce, "Likita, ɗan lokacin da suke ba mutum bai isa a tafasa shayi ba. Zagin nan, cire shi. In suka ji ta zagi ma'aikaciya, rabinsu za su ce a ransu, to ai shi ya sa. Ki ba su wadda za su tausaya wa ba sai sun yi tunani ba."

Muka zauna muka gyara ki. Aka cire zagi. Cizo ya koma riƙe hannu. Ihu ya koma… ta kwanta shiru, ba ta ko yi ƙorafi ba. Ya nuna min inda zan tsaya in ja numfashi. Na maimaita a gaban madubi, a cikin mota, a gaban ɗalibai, a wani taro da aka yi a otal inda wata mata ta rungume ni tana kuka, ni kuwa ina tunanin ko zan samu motar komawa gida. Kuma labarin yana ci! Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ga shi na kai matakin ƙarshe, inda ban taɓa kaiwa ba.

Ba ta ko yi ƙorafi ba. Ke? Ke da za ki ce ruwa ya yi sanyi a ɗumama, an ɗumama ki ce ya yi zafi a fifita? Ke da baƙuwa ta zo dubiya ta ce ki yi haƙuri, kika ce ta ara miki ƙasusuwanta na yini guda ku ga wa ya fi wani haƙurin? Mama ta rasa inda za ta sa kanta don kunya, matar ba ta sake tako gidanmu ba.

Ke ce mai son jirgi, ba ni ba. In ya wuce ta saman gida sai kin fita, ko da kina ɗingishi. In kin zama babbar likita ki kai ni ƙasar waje, Yaya, amma ban da mai sanyi, sanyi ba ya shiri da ni… To ga shi ina kai ki. Kin shiga ɗakunan taro, kin shiga kunnen manya. Sai dai ban san ko wa nake kaiwa ba.

Ranar nan — muna ɗaki, kina cin gyaɗa a kan gadona don kin san na tsana — kika ce, "Yaya, in na mutu kar ki bari a zauna ana cewa Allah sarki, yarinya mai haƙuri. Wallahi ƙarya ne. Ki tashi ki ce musu fitinanniya ce." Na jefe ki da filo. Na ce bakinki ya sari ɗanyen kashi. Kika ce… me kika ce bayan nan? Kin faɗi wani abu. Na san kin faɗa, don na yi dariya har na zamo daga gado. Mene ne? Jiya na nema, yau da safe na nema. Abin da nake faɗa a kanki na haddace shi tsaf, ko a barci aka tashe ni zan kawo, amma wannan ya tafi. Muryarki ma — ina jiyo ta can nesa, in na matsa sai in ji tawa ce, da Turanci, tana tsayawa inda aka ce ta tsaya.

Da safe Mama ta same ni ina goge kot, ta ce, "Wai me suke tambaya a wannan jarrabawar taku da ba ta ƙarewa?" Na ce aiki ne kawai, Mama. Ta dafa kaina ta ce Allah ya ba da sa'a. Ba ta san autarta ta zaga duniya ba. Ba ta san akwai mutane, a ƙasashen da ba ta ko iya faɗin sunansu, da suka san wata yarinya shiru-shiru da ta haifa ba. Ita har yau in an fasa kofi a gidan sai ta ce, da Auta na nan da mun san wa za mu kama.

A ƙasa, ɗakin marasa lafiya, gadon bakin taga, akwai wata yarinya mai sikila. Shekarunta kamar naki lokacin. Tun da aka kawo ta take cizon filo, ko tari ba ta yi. Uwarta ce ta koya mata: in kika yi ihu za su ce ƙarya kike. Ɗazu na wuce na ji nas na yabonta, wai yarinyar kirki. Don ita nake zaune nan cikin zufa, ko ba haka ba? Don ita. To mene ne laifi in na ɗan… in na rage ki kaɗan, don ita ta samu ta yi ihunta? Ke kin tafi. Ita tana nan. Ki ce min ba laifi. Auta, ki ce wani abu mana.

Allon ya motsa.

Ga su. Fuskoki a 'yan akwatuna, kowa da littattafai jere a bayansa, ba mai zanen gado. Ana gaisawa. Murmushi — haƙora, amma ba da yawa ba. Suna jina? Suna jina. Aikina, sashen masu sikila, waɗanda ake sallama da ciwonsu su koma gida… bakina na tafiya shi kaɗai, ya san hanya. Mai gemun can yana gyaɗa kai. Sai tambayar, ga ta nan, yadda Sha-Jirgi ya ce za ta zo.

Shiru. Sunkuyar da kai. Ɗago. Baƙin ɗigo.

Ina da ƙanwa…

Labarin yana tafiya sumul. Benci, baranda, ta riƙe hannuna. Numfashi a nan. Ta kwanta shiru, ba ta ko yi ƙorafi ba. Idona a bushe ƙamas. Wata dattijuwa a akwatin ƙasa, mai furfura, ta cire tabarau tana gogewa — ya kama ta, na san alamar. An kusa. In rufe da maganar doka, in yi godiya, in sauka in duba yarinyar bakin taga.

Ta mayar da tabarau. Ta matso har goshinta ya cika akwatin. Tana min ta'aziyya. Wai ita ma ta rasa ɗan'uwa, kuma wannan ba ya cikin tambayoyinsu, tana so ne kawai ta sani. "Wace irin mutum ce ita, ƙanwar taki?"

Wannan ba mu shirya shi ba.

Mai haƙuri. Ga shi nan a kan harshena, a shirye, a goge. In na faɗa za ta gyaɗa kai, mai gemu ya rubuta wani abu, wataƙila baɗi war haka akwai doka a bango. In kuwa na ce fitinanniya — in na ja hannun kot na nuna musu tabon — to ai shi ya sa… to ai shi ya sa…

Sai kin yi shiru za a duba ki.

Wa ya faɗi haka? Ita ce, mai janbaki. Ita ta faɗa, a baranda, kuma kika ƙi. Har numfashinki ya ƙare ba ki yarda ba. Ni kuwa, yayarki, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na tsaya a gaban madubi wata da watanni har sai da na sa kika yi shirun.

Innalillahi…

Suna jira. Dattijuwar ko ƙifta ido ba ta yi — ko intanet ne ya tsaya? Bai tsaya ba, ga mai gemu yana juya biro. Yatsana na kan tabon, ina dannawa, ba zafi. Zage ni, Auta. Ko kalma ɗaya. Ki faɗa min abin da kika ce ranar gyaɗar nan in maimaita musu, in za su ƙi ni su ƙi… a'a, kar su ƙi, yarinyar bakin taga fa? Kar su ƙi…

Firiji kawai ke gurnani.

"Likita? Kina jinmu?"

Ina ji. Na buɗe baki…