Takalmin Ranar Lahadi

Shekara goma sha bakwai Murtala yana tuƙa wani oga a Maitama, kuma Fatu matarsa ba ta tuna ranar da ya wuni a gida babu takalmi a ƙafarsa. Ko ranar Lahadi da aka ce ta hutunsa ce, yana idar da sallah zai mayar da takalmin, ya zauna a bencin ƙofar ɗaki da waya a cinya. In ta ce ya cire ƙafarsa ta sha iska, sai ya ce, "Fatu, daga Zuba zuwa Maitama ba nan kusa ba ne. In oga ya kira, ɗaurin igiya ma ɓata lokaci ne."

A kan bencin nan ya faɗi, wata Lahadi da hantsi. Likita ya ce hawan jini ne, aiki ne ya cinye shi. Har Fatu ta fita takaba ba ta gane maganar ba. Mutum yana wuni a mota mai sanyi, ba ya dako, ba ya noma. Ita da take suyar awara a bakin wuta kusa da kasuwar lemo, ga ta nan da ranta. To wane aikin ne ya kashe shi?

Abu ɗaya ta sani, shi ne takalmin. Shi ya sa hankalinta ya tashi da ta lura 'yarta Hafsah ta ɗauki halin. Hafsah tana aiki a wani gidan abinci a Wuse, ƙarƙashin wata Madam Patricia, inda ba a shiga sai da baƙin takalmi rufaffe, kuma guda ɗaya gare ta. Lahadi uku a jere tana zaune a bencin uban, takalmi a ƙafa, waya a cinya, tana matsa goshi. Duk ukun an kira ta, ta tafi.

Lahadi ta huɗu, Hafsah na shiga wanka Fatu ta ɗauki takalmin ta tsoma a bokiti, ta bar shi ya sha ruwa sosai, ta jingina shi da bango.

"Inna, wa ya sa ki wanke min takalmi?"

"Na ga ya yi datti."

"Jiya na goge shi."

"To dattin bai ji ba."

Hafsah ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga takalmin, ruwa na zuba. "Kin san Madam ba ta barin mai silifas ya shiga. In ta kira fa? Kin san mutum nawa ne ke jiran wurina?"

Sai a lokacin Fatu ta gane abin da ta yi. Ita ba ta yi tunanin kora ba. Ta ɗauko mafici ta hau fifita takalmin, tana cewa rana za ta busar da shi, alhali hadari ne a sama.

Wayar ta yi ƙara. Hafsah ta dube ta, ta dubi uwar, ta ɗauka.

"Madam, ki yi haƙuri, yau ba zan samu zuwa ba."

Fatu na jin muryar matar daga inda take tsugune. "Ah, ba wahala. Yau ma ranar hutu naki ne, ko? Bari na kira Juliet." Ta kashe.

Fatu ta ajiye maficin.

"Shi ke nan?" in ji Fatu.

"Shi ke nan."

"Ba ta kore ki ba?"

"Ba ta ce ba."

"Ashe ana cewa ba za a zo ba?"

Hafsah ta zauna a bencin, tana kallon yatsun ƙafarta kamar na wata.

"Ko ogan babanki ne daban?" Fatu ta sake tambaya. "Wataƙila shi da ya kore shi."

"Ban sani ba, Inna. Baba bai taɓa gwadawa ba."

Ba a jima ba Hafsah ta miƙe a tabarma, barci ya ɗauke ta da rana tsaka. Fatu ta shiga ɗaki ta jawo takalmin Murtala daga ƙarƙashin gado. Igiyarsa na nan a ɗaure, yadda aka zare masa shi a asibiti. Ta daɗe tana jujjuya shi, ba ta san abin da ya sa ta ɗauko ba. Daga baya ta sa farce ta kwance ƙullin.