Abin da Ke Cikin Bargon Valdomiro

A garinmu idan watan Yuli ya kama, ba mai fita sai da dalili. Raɓa takan kwana ta daskare a kan ciyawa, gari ya waye fari fat, famfon bayan gida ya ƙi kawo ruwa sai rana ta ɗaga. Ni kuwa lokacin da na fi so ke nan. Tun da na bar aikin girki a makarantar firamare na mayar da madafarmu wurin ɗinki. In hura murhun itace da sassafe, in jawo tebur kusa da shi, in zazzage buhun ƙyallayena, in yi ta harhaɗa su ina yin barguna. Ba na sayarwa. Jikokina kowa na da nasa, har na shiga zagaye na biyu. Mijina Alcides yakan ce ranar da ya mutu ma sai na yanke aljihun kwat ɗinsa kafin a rufe akwatin.

Wata rana da hantsi muna zaune, ni da ɗinkina, shi da ƙoƙon shayin mate a hannu, sai muka ji ƙarar baro a ƙofar gida. Seu Valdomiro ne, tsohon da ke ƙarshen layinmu. Ya haura tamanin, duk rayuwarsa a bayan doki ya yi ta yana kiwon shanun mutane, matarsa kuma ta daɗe da rasuwa.

"Dona Odila, kina ciki?"

"Ina zan je a wannan sanyin? Shigo ka rufe mana ƙofa."

Ya shigo yana jan wani ƙaton abu a naɗe. Alcides ya tashi ya kama masa, suka ɗora a kan tebur, tebur ya yi ƙara.

"Valdo, gawa ka kawo mana?" in ji Alcides.

"Bargona ne, ragon banza. Kai da ba ka taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba."

Ya ce mahaifiyarsa ce ta ɗinka masa lokacin aurensa. Yanzu gefe ɗaya ya yage, da ya juya sai ƙafarsa ta shige ciki. Sabuwar riga kawai yake so in yi masa. Na ce ya bar shi, zan duba. Ya sha mate zagaye biyu, suka zagi juna shi da Alcides a kan ƙwallo, ya tura baronsa ya tafi.

Na ɗinka barguna da yawa, amma ban taɓa ganin mai nauyin wannan ba. Na zura hannu ta wurin yagewar ina tsammanin in ji ulun tumaki, sai na ji ɗinki. Na kawo almakashi na farke rigar waje, wani shuɗin yadi da duk ya koɗe. A ƙarƙashinsa wani bargon ne cikakke, na tsofaffin wanduna da guntayen mayafin makiyaya, toka-toka da ƙasa-ƙasa. Wannan bai ba ni mamaki ba. Iyayenmu ba sa yar da tsohon bargo, sai dai su lulluɓe shi da sabo. Abin da ya tsayar da ni kyawun ɗinkin ne, ƙanana a jere kamar haƙoran yara. Na san mahaifiyarsa, Dona Ernestina, ina yarinya. Mace ce marar magana, ana kai mata ɗinkin riguna na coci.

Da a nan na tsaya da aikina ya ƙare cikin mako guda. Amma a tsakiyar bargon wandunan akwai wurin da ya fi ko'ina kauri, kuma ta wani ɗan rami na hango ja.

"Odila, riga aka ce ki yi," in ji Alcides. "Ba a ce ki yi masa tiyata ba."

"Gefe ɗaya kawai zan buɗe."

"Haka kika ce ranar da kika kwance rediyona."

Na buɗe gefe ɗaya, na buɗe na biyu. A tsakanin ulun, a shimfiɗe, an kama shi da zare ta kusurwa huɗu don kada ya zame, sai ga wani ɗan ƙaramin bargo, bai fi na rufe yaro ba. Da buhunan fulawa aka yi shi, har sunan kamfanin bai gama gogewa ba. An raba shi gida-gida, a kowane gida an yanko ƙyalle mai launi an ɗinka wata dabba. Gida ɗaya a ƙasa babu komai a ciki, sai zare da ke reto.

Alcides ya ajiye ƙoƙonsa ya matso, shi da ke cewa in bari.

"Wannan saniya ce."

"Kare ne. Dubi kunnen."

"Wane kare ne da ƙaho? Wannan kuma fa, mai ƙafa biyar?"

Ni ba dabbobin ne suka dame ni ba. Wannan ba hannun Dona Ernestina ba ne. Ɗinkin manya-manya ne, a karkace, kuma duk sun kwanta ta ɓangaren da ba nan nawa ke kwanciya ba, kamar na bahago. Ga ƙullin zaren, ba irin namu na mata ba ne. Irin wanda ake yi wa igiyar fata ne. Kuma ba ciko aka yi da shi ba. Wanda zai yi ciko ba ya wanke tsumma ya goge shi ya shimfiɗa shi haka a tsanake.

Kwana biyu na kasa komawa kan aikina. In ɗora wake a wuta in dawo in duba shi, in fita ɗebo itace in dawo in sake dubawa. Na yi tunanin ko wani yaro suka rasa a gidan, uwar ta kasa yar da abinsa. To amma wace uwa ce za ta sa kayan mamaci a bargon ango? Na so in tambayi Valdomiro, sai na ji tsoron in tono masa abin da ba ya so. Alcides ne ya tuna mini cewa yayar Valdomiro, Dona Zulmira, tana nan da rai a gidan 'yarta, can tsallaken gada.

Washegari da rana na gasa burodin ayaba, na naɗe ɗan bargon a jaka, na sa rigunan sanyi biyu, na kama hanya. Iska a kan gadar nan kamar za ta cire wa mutum kunne.

Na tarar da Dona Zulmira a kujera kusa da murhu, ana gasa mata 'ya'yan itacen pinhão a kan ƙarfen murhun. Idonta ya yi rauni sosai, amma kunne da baki lafiya lau. Muka gaisa, ta tambaye ni mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sannan na ɗora mata bargon a cinya, na ce ko ta san shi.

Ta bi shi da yatsu a hankali. Da ta iso kan mai ƙafa biyar sai hannunta ya tsaya. Ta sake shafawa. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, 'yarta ta rugo da ruwa.

"Yarinya, ina kika samo wannan?"

"A cikin bargon auren Seu Valdomiro."

"A ciki?" Ta danne bargon da tafin hannunta. "Oh, Mama. Ashe nan ta kai shi."

"Wa ya ɗinka, Dona Zulmira?"

"Wa kuwa? Shi mana. Valdo!"

Ta ce shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, yana ɗan yaro, alfadarinsu ya kayar da shi ya karya masa ƙafa. Aka kwantar da shi a benci kusa da murhu, ya yi ta kuka da mita har ya ishi kowa. Rannan mahaifiyarsu ta jefa masa allura da buhun fulawa ta ce ya rufe mata baki. Shi ke nan gida ya yi tsit. Ya ce sai ya ɗinka duk dabbobin gidan. Da hagu yake yi, harshe a waje, in ka yi masa magana ma ba ya ji.

"Babanmu ba ya nan, ya kora shanu kudu. Da ya dawo ya shigo ya ga ɗansa da allura, bai ko cire hularsa ba. Ya ce shi bai haifi tela ba. Ya fizge ya miƙa wa Mama, ya ce ta jefa a wuta, ya fita ya kwance sirdi. Valdo ya kifa kai a bango yana ihu. Ni kaɗai na ga abin da ta yi. Tsumman goge tukunya ta jefa, wannan kuma ta cusa a ƙarƙashin rigarta. Gida ya cika da ƙaurin tsumma, Baba ya shigo ya shaƙa, ya zauna ya ci abincinsa."

"Ba ki taɓa gaya wa Valdo ba?"

"Mama ta harare ni, na san ma'anar hararar. Daga baya kuma ban sake ganin abin ba, na ɗauka ɓeraye sun cinye. Me zan ce masa?"

"Ita fa, me ya hana ta faɗa masa ranar da ta ba shi?"

"Baba na tsaye a wurin. Kuma ke ba ki san Mama ba? Da ta yi magana gara ta ɗinka."

A hanyar dawowa na yi ta shawarar ko in mayar da shi inda na same shi in rufe, kamar yadda mai shi ta bari. Alcides ya ce in na yi haka cikina zai fashe kafin Lahadi. Ya sa hularsa ya je ya kira Valdomiro da kansa.

Valdomiro ya shigo yana murza hannu.

"Har kin gama? Lallai kin fi—"

Sai ya ga abin a kan tebur. Ya tsaya a inda yake. Na jawo masa kujera, bai zauna ba. Ya cire hularsa, ya rasa inda zai ajiye ta, ya riƙe ta a ƙirji. Can ya matso ya sa yatsa a kan dabbar farko.

"Pintada," in ji shi. "Saniyarmu ce. Wannan Trovão, karen Baba. Wannan kuma shi ne la'anannen da ya karya ni."

"Mai ƙafa biyar?" in ji Alcides.

"Wutsiya ce, jahili."

Na ba shi labarin duk yadda yayarsa ta ba ni. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce har yau in ya ji ƙaurin tsumma yakan fita daga ɗaki, matarsa ta yi ta tambayarsa dalili bai taɓa faɗa mata ba. Ya juya ya kalli bargon wandunan da ke farke a gefe.

"Wato duk shekarun nan a kaina yake?"

"A daidai ƙirjinka ma."

"Kai, Mama!" Ya fyace hanci da ƙarfi. "Ita kuma Zulmira, wannan tsohuwar munafukar, bari in je."

Bai je ba a ranar. Ya zauna, Alcides ya miƙa masa mate, ya sha yana kallon gidan nan na ɗan bargon da babu komai a ciki. Ya ce zakara ne zai shiga wurin. Har ya yanke jan ƙyallen ranar da babansu ya dawo. Na tura masa buhuna na ce ya zaɓa. Ya ce haba, shi da waɗannan hannuwan? Amma yana faɗa yana tona buhun.

Mako biyu ya yi a kan zakaran. Kullum bayan abincin rana zai zo, in zura masa zare don idonsa ba ya ganin kafar allura, ya zauna ya juya wa taga baya kada masu wucewa su gan shi. Ya soki yatsa ba adadi. In na ce ɗinkin ya yi girma sai ya ce a bar shi ya yi daidai da na sauran. Ni kuma na rufe babban bargon, na ƙara masa ulu a tsakiya, na yi masa riga da koren yadi mai kauri.

Da ya gama, ya naɗe ƙaramin ya kai wa Dona Zulmira, ya ce ta rufe gwiwoyinta da shi, ladan riƙe baki. 'Yarta ta ce mini sun yi faɗa kamar yara, sannan ya zauna har yamma suna ɓare pinhão.

Na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi cikin Agusta da wani buhu a kafaɗa, ya ajiye mini a ƙasa yana kallon wani wuri. Rigunan marigayiya matarsa ne, tun rasuwarta suna cikin akwati. Ya ce jikarsa za ta haihu, zai yi wa jaririn bargo, yana so in nuna masa yadda ake yanka su murabba'i su zo daidai. Na yanka masa kwali ya riƙa aunawa da shi, na ba shi tsohon almakashina. Rigar farko ya daɗe da ita a hannu kafin ya sa mata almakashi, ta biyu kuwa bai ɓata lokaci ba.

Sanyi ya wuce bai kai rabin bargon ba. Jaririyar ta zo a watan Oktoba, aka sa mata sunan marigayiya matarsa. Ya ce ba komai, ai ba za ta buƙace shi ba sai baɗi.