Abin da Ya Hana Sayuri Zuwa Osaka

Ƙanwata Sayuri ta daɗe tana koyar da baƙi Sifaniyanci a wata makaranta a unguwar Miraflores da ke birnin Lima kafin ta samu aiki a waje, da ya tashi zuwa kuma sai ya zo biyu a mako guda. Wata makaranta a Seoul ta Koriya ta ce ta zo, wata a Osaka ta Japan ma haka. Ta Seoul ta fi albashi, ga ɗaki kyauta kusa da wurin aiki. Ta Osaka ba ta yi maganar wurin kwana ba, amma duk wanda ya san Sayuri ya san inda zuciyarta ta karkata. Sunan gidanmu Tamashiro. Tun tana ƙarama take zuwa ajin Japananci ran Asabar, ita ce a sahun gaba in ana rawa a bikin jikokin Japanawa, ni kuwa ƙwallo ce ta ɗauke mini hankali.

Mahaifinmu, Don Eleuterio, yana da ɗan gidan abinci a unguwar Breña, kuma kowa a can Chino yake ce masa, sunan da ake kiran duk mai kama da mutanen Asiya. Abin da muka tashi muka ji shi ne kakanmu ya zo daga tsibirin Okinawa na Japan a jirgin ruwa, ya yi aikin gonar auduga, shi da kakarmu duk sun rasu kafin Baba ya yi aure. Hoton kakan yana rataye a falo. Baba da kansa ya yi shekaru yana aiki a wata masana'anta a Japan kafin ya haɗu da Mama, amma ba ya son zancen, mu kuma muka ɗauka wahalar da ya sha ce. Mutum ne marar hayaniya, ba ya zuwa ko'ina sai sau ɗaya a shekara da yake tafiya Cajamarca, can cikin duwatsun arewa, sarin cuku.

Mun zaci zai yi murna da Osaka. Sai ga shi ya tsaya kai da fata a kan Seoul. Yau ya ce rayuwar Japan tsada, gobe ya ce mutanen can ba sa sakin fuska ga baƙo. Ran da ya kawo maganar girgizar ƙasa muka fashe da dariya, don a Lima muke, ƙasar nan ba ta taɓa barinmu mun manta da ita ba. Mama, Doña Graciela, ta harare shi ta gefen tukunya ta ce, "Tsoho, ko dai ka bar wata a can ne kake tsoron 'yarka ta ci karo da ita?"

Kowa ya yi dariya, shi bai yi ba.

Sayuri ta ji labarin cewa jikokin Japanawa suna iya samun izinin zama a Japan mai sauƙi, ba sai an ɗaure mutum da makaranta ɗaya ba. Ta tambayi Baba takardun kakanmu, ya ce sun ɓata tun da daɗewa. Ran Lahadi muna zaune a kan shinkafa da agwagwa, an rufe shago, sai ta ce kada ya damu, wata mata a ƙungiyar jikokin Japanawa ta ce za ta taimaka mata su rubuta wa ofishin garin kakan a Okinawa, a can ba a zubar da tarihin iyali. Har ta ba matar sunan kakan.

Baba ya ajiye cokali. Ya ce ta kira matar ta ce mata a bar maganar.

"Saboda me, Baba?"

"Saboda in sun duba ba za su same ni ba. Mutumin nan da ke bango ba ubana ba ne. Sau biyu na taɓa ganinsa a duniya."

Na tuna ina riƙe da kofin chicha, abin shanmu na masara, na rasa ko in sha ko in ajiye. Baba bai ɗago kai ba, ya ci gaba da magana a hankali kamar mai karanta farashin abinci. Ya ce a shekarar da kuɗi ya lalace, lokacin da farashin burodi na safe ba shi ne na yamma ba, yana dako a kasuwa, sai aka fara cewa Japan na ɗaukar jikokinta aiki. Wani dillali ya kalli idanunsa ya ce ai wannan fuskar za ta wuce. Ya kai shi garin Huaral wajen wani tsoho Bajapane, talaka, marar ɗa, wanda ya yarda a rubuta samari a matsayin 'ya'yansa in an biya shi. Aka ba Baba suna, aka ba shi hoto, aka ba shi labarin da zai haddace. Da aka fara bin takardun mutane da bincike a Japan, sai ya tattara ya dawo kafin a zo kansa. Bayan 'yan watanni ya haɗu da Mama, kuma da wannan sunan ta san shi.

Mama tana tsaye da ludayi a hannu. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, kamar an zare mata jini.

"To mene ne sunanka?"

"Chuquilín. Eleuterio Chuquilín."

Ta maimaita sunan a hankali, kamar tana ɗanɗana abin da ba ta san shi ba. Ta ce shekara kusan talatin tana kwana ɗaki ɗaya da mutum, ashe ko sunansa ba ta sani ba. Baba ya ce ya sha niyyar faɗa mata, amma da farko tsoron ta fasa auren ya hana shi, daga baya kuma yara suka zo, sai Sayuri ta fara ajin Asabar, ya rasa ta inda zai fara.

Ni ne na yi tambayar da ta ƙarasa mu, kuma ban yi ta da wata manufa ba. Na ce to iyayensa na gaskiya fa, a ina aka binne su? Ya ce mahaifinsa ya rasu yana yaro. Mahaifiyarsa kuwa tana nan da ranta, a wani ƙauye bayan Cajamarca. Wajenta yake zuwa duk shekara, cukun da yake kawowa ma na shanunta ne.

Mama ta zauna. Ta ce, "Chino, duk ranar tunawa da matattu ni ke kunna wa mahaifiyarka kyandir. Ni ke sa a yi mata addu'a a coci. Ashe tana can tana tatsar saniya?"

Sayuri ta ture kujerarta baya. Ta tashi ta wanke kwanonta, ta goge, ta ɗauki jakarta ta fita. A ranar Mama ta haɗa kaya ta tafi gidan 'yar'uwarta a Callao.

Da tsakiyar mako na je na sami Sayuri a lokacin hutun rana, muka zauna a kan benci a bakin teku. Idanunta sun kumbura. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne lokacin ganawa da shugabar makarantar Osaka, matar ta ji daɗi ƙwarai da ta ga sunanta, har ta ce ɗalibai za su yi alfahari da malamar da ta dawo ƙasar kakanta. Sayuri ta ce ita ma a lokacin sai da ta yi ƙwalla. Na ce mata ai tana iya tafiya da izinin aiki irin na kowane malami, Japanancin da ke bakinta ita ta koya da guminta.

"Yaya, duk wanda ya ji sunana zai tambaye ni garinmu. Me zan ce? In yi ƙarya kullum, ko in tona asirin Baba kullum?"

Washegari ta karɓi aikin Seoul, ta rubuta wa na Osaka ta ba su haƙuri ba tare da dogon bayani ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya wa Baba, cewa kafin ta hau jirgi sai ya kai mu mun ga tsohuwar.

Muka hau motar arewa mu uku. Baba ya zauna a kujerar bayanmu, bai yi magana ba sai in ya miƙo mana lemo. Mahaifiyarsa, Doña Eufemia, 'yar ƙaramar tsohuwa ce da babbar malafa, kuma tun daga nesa na ga idanun Baba a fuskarta, na ga na Sayuri. Ta san sunayenmu, ta san ni ne mai ƙwallo. Ta kama fuskar Sayuri da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta zaunar da mu, ta kawo miya mai zafi da dankali. Muna cikin ci sai ta tambaya, ba da wani ɓacin rai ba, ko har yanzu mahaifiyarmu tana ƙyamar mutanen dutse irinsu, shi ya sa ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce ita ba ta riƙe ta ba, ta san matan birni da hali irin nasu, ɗanta ya yi mata bayani tun farkon auren.

Sayuri ta juya ta kalli Baba. Shi kuwa ya tashi ya fita wai zai duba shanu.

Na hau tudun bayan gida inda waya ke kamawa na kira Mama na faɗa mata abin da tsohuwar ta ce. Sai ta tambaye ni wace mota ake hawa, a ina ake sauka.

Ta iso ita kaɗai bayan kwana biyu, da tsarabar shinkafa da sukari da bargo. Ta wuce Baba a ƙofar gida kamar ba ta gan shi ba, ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Mama, ni ce Graciela. Ban san kina raye ba." Tsohuwar ta kasa gane maganar, sai da aka maimaita mata. Da ta gane, ta cire malafarta ta ɗora a cinya, ta zauna tana kallon ɗanta.

Tare muka dawo Lima da tsohuwar, karo na farko da ta ga teku. A filin jirgi ita da Mama suka sa Sayuri a tsakiya suna riƙe da hannunta, Baba yana biye da mu yana jan akwatuna. Sayuri ta rungume shi a ƙarshe, amma a gajarce. Yanzu tana Seoul, tana kira duk Lahadi, ta ce sanyin ya yi mata yawa amma yaran ajinta suna da daɗin sha'ani. Mama ta koma gida, ta ba Doña Eufemia ɗakin Sayuri. Tana yi wa Baba magana a kan cefane da masu kawo kaji, ban da wannan har yau ban ji ta ce masa komai ba.