Idona Ne Ya Yaudare Ni

Duk garin an san Baki. Ranar Asabar da la'asar, in ka bi layin teloli ko tashar mota, murya ɗaya za ka ji tana tashi daga kowace rediyo: "Jama'a, ga ni a fili, ƙafata a kan ciyawa!" Ƙarya ce tsagwaronta. Baki bai taɓa taka ciyawar filin nan ranar wasa ba. Yana can ɗakin watsa shiri a zaune, fanka na kaɗa masa, ga kofin ruwan ɗumi a gefe. Wanda ke fili ɗan kawunsa ne, wani mai walda, wanda Baki ya laƙaba wa suna Ido.

Abin ya faro ne kamar wasa. A lokacin gidan rediyon ɗaki uku ne a saman wani kanti, makirfonsu mai kyau guda ɗaya, shi ma an ɗaure shi a jikin tebur don kada ya yi ƙafa. Aikin Baki karanta sanarwar rasuwa da cigiya. Sai manaja ya ba shi kwata ɗin awa ranar Asabar, lokacin da kowa ya ƙi karɓa, ya ce ya cike shi da duk abin da ya ga dama. Baki ya wanke ƙafa ya tafi shagon walda.

"Kai da ba ka fashin kallon ƙwallo, ara mini idonka mana," in ji shi.

"In ara maka ka kai shi ina? Kai da ko satar gida ba ka sani ba."

"Kai ka san satar gida, amma in aka ce ka yi bayaninta sai rana ta faɗi kana i'ina. Ka gani, ni in faɗa."

Haka aka yi. A bayan filin akwai wani bene da mai shi ya rasu bai gama ba. Ido ya hau samansa da waya. Injiniyan gidan rediyo ya haɗa ta yadda muryar Ido za ta shiga abin kunnen Baki kaɗai, shi kuwa Ido ba ya jin komai daga can. Wayar a kunnen dama, auduga a na hagu, domin 'yan kallo kan zo da rediyoyinsu, kuma in ya ji Baki na maimaita maganarsa a makare sai harshensa ya harɗe. Saboda haka duk tsawon shekarun nan, shirin da gari ke mutuwa a kai, Ido bai taɓa jin sa ba ko sau ɗaya. In ya koma gida matarsa ce ke ba shi labari.

Maganarsa a bushe take. "Dogo. Hagu. Ya wuce biyu. Ya buga. Sama." Shi ke nan. Amma kafin ta fito ta rediyo ta yi ƙiba: "Ga Dogo nan ya taso ta hagu, wayyo Allah, ya zubar da ɗaya, ya bar na biyu yana neman takalminsa, ya ɗaga kai, ya narka wa ƙwallo duka! Kash! Dogo, tsuntsaye me suka yi maka?" Matar Ido takan kwaikwaya masa tana dariya har da riƙe ciki, shi kuma ya ce, "Ni sama kawai na ce."

Kwata ya zama awa, awa ta zama yammacin Asabar gaba ɗaya. Aka sa wa shirin suna Kai Tsaye Daga Fili. Masu sabulu da masu siminti suka fara rububin talla. Gidan rediyo ya tashi daga saman kanti ya koma gini mai gilashi, aka buɗe layin masu kira, direbobi suka rubuta "ƙafata a kan ciyawa" a bayan motocinsu. 'Yan wasan da Baki ya yi ta kiran sunansu, manyan ƙungiyoyi suka zo suka ɗauke su. Ido dai na saman bene, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Da manaja ya ce yanzu akwai hali, a sayi kaya a kai Baki fili, sai Baki ya ce a'a, shi yana da idonsa.

Kada wani ya ce Ido na jin haushin ba a san shi ba. Ko kusa. Ana ba shi ɗan abin da ake ba shi, kuma ba don shi yake hawa ba. Duk mako yana maƙale ƙofofin mutane da tagoginsu, ba mai tuna wa ya yi su. Amma ranar Asabar, in bai ce ba, gari bai gani ba. Wannan yammacin shi ne abin da ya mallaka a duniya, kuma shi ne abin da yake tsoron rasawa.

Wutar walda kuwa ba ta da mutunci, shi kuma gilashin kare ido ba ya son sa, wai yana hana shi ganin aiki. Lambobin riguna suka fara ɓace masa. Bai damu ba, ya san kowa da irin gudunsa. Daga nan ragar nesa ta fara yin dishi-dishi. Wata safiya ya tsiyaya shayi a gefen kofi, matarsa na kallo.

"Baban yara, ka je asibiti."

"In an gama kakar wasa."

"Bara ma haka ka ce."

"To bana ma na ce."

Wasan ƙarshe na kakar nan shi ne wanda in ƙungiyar gari ta ci za ta haura rukuni na sama, abin da aka yi shekaru ana jira. Har dab da tashi ba ci. Sai Mai-hagu, ɗan wasan gaban ƙungiyar gari, ya samu ƙwallo a can ragar nesa, ya juya ya buga. Ido ya ga raga ta girgiza. Ya ga 'yan kallon da ke ƙasansa sun yi sama.

"Ta shiga!" Ya faɗa da duk ƙarfinsa. "Mai-hagu! Ta shiga!"

Ko ta cikin auduga sai da ya ji garin ya ɗauka. Odar motoci daga tasha, ihu daga kasuwa, guɗa daga gidajen bayan fili. Hawaye ya zubo masa. Da ya share, sai ya ga golan abokan hamayya, masu jajayen riguna, ya ɗauko ƙwallo daga bayan turke, ya ajiye ta a hankali zai buga. Ba wanda ya nufi tsakiyar fili.

"Gefen raga," in ji Ido. "Ta waje. Ba ta shiga ba."

Aka tashi canjaras. Ba a haura ba.

Ya isa gida, ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Ya tambayi matarsa me Baki ya ce. Ta yi ta kame-kame, har ya ɗaga murya, abin da bai saba ba.

"Cewa ya yi, jama'a ku yafe mini, idona ne ya yaudare ni. Ido in ya tsufa sai haƙuri."

Mutanen gari suka ji dattijo ya amsa laifinsa, suka yafe, har suna yabon sa. Ido kuwa sunansa ya ji an kira a gaban gari duka. Kuma maganar ba ta mutu ba, sai ta zama abin tsokana. Tela ya ɓata ɗinki, idona ne ya yaudare ni. Mai nama ya rage awo, idona ne ya yaudare ni. Har shagonsa wani ya zo, ya ga ƙofar da aka yi masa ta ɗan karkace, ya dafa kafaɗarsa yana dariya ya ce, "Ba komai, mai walda, idonka ne ya yaudare ka." Ido ya yi murmushi, ya shiga bayan shago ya daɗe bai fito ba.

Baki ya zo bayan 'yan kwanaki, ya zauna kan wata ƙofar ƙarfe da ke kwance, yana kare farar rigarsa daga tsatsa.

"Ka daina ɗaga wayata."

"Da wa kake, ranar nan?"

"Haba, ɗan kawu! Me kake so in ce musu? Abin da ya zo bakina na faɗa."

"Kai abu ba ya zuwa bakinka haka kawai."

Baki ya ɗauki wani guntun rodi yana jujjuyawa. Can ya ce manaja ya sayo kyamarori, za a kafa su a fili, a sa allo a ɗakin watsa shiri tun daga wasan farko na sabuwar kaka.

"To ni fa?"

"Kai kana nan mana. Wa ya isa ya taɓa ka ina raye? Allo na manaja ne, ya kalli abinsa. Kai dai ka hau ka kira kamar kullum."

Ido ya dube shi, amma fuskar ba ta fito masa sosai ba, don haka ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Daɗi ya kama shi har ya ji kunya. Ya aika aka sayo wa Baki lemo mai sanyi, ya tsokane shi a kan tumbin da ya ajiye, suka rabu suna dariya.

A wannan hutun ya je asibiti da ƙafarsa. Likita ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙe saura. Ya fara sa gilashin walda. Ya riƙa zuwa wurin atisaye yana haddace gudun sababbin 'yan wasa. Da aka buɗe kaka, ya hau bene da wuri, ya yi aiki irin wanda bai taɓa yi ba, ba ya cewa komai sai ya tabbata. Ana tashi Baki zai kira ya ce sannu da aiki. A gida matarsa ta ce shiri ya yi kyau. Asabar ta bi Asabar, hankalinsa ya kwanta.

Ran nan, ana cikin rabi na biyu, 'yan wasan gari sun taso da hari, tari ya sarƙe shi. Irin tarin nan da ke durƙusar da mutum. Ya dafa bango, ya kasa fitar da kalma ko ɗaya, abin da ke ransa kawai shi ne ya bar Baki a tsaye ba abin faɗa, gari duka na jira. A ƙasan benen maigadi na zaune da rediyonsa. Ido ya fizge audugar don ya ji irin ɓarnar da ya yi.

"...ya miƙa wa mai lamba goma sha huɗu, yaron da ya shigo yanzun nan, ya taka ta, ya duba hagu, alƙalin wasa ya ce a ci gaba..."

Ido bai ma san an yi canji ba.

Tarin ya lafa, amma bai koma magana ba. Ya tsaya da waya a kunne yana saurare. Baki bai yi tuntuɓe ba, bai ja numfashin jira ba. Ido ya ce wa kansa wataƙila ganin ya yi shiru ne ya sa Baki ya ɗaga kai ya dubi allo. Sai ya gyara murya. Ƙwallo na tsakiyar fili, ya ce, "Fenariti." Ya sake cewa da ƙarfi, "Fenariti! Jan kati!" A rediyon maigadi Baki na tsokanar wani ɗan baya a kan wandonsa da ya yi masa yawa.

Ya zauna a kan bulo. Wayar na haɗe, lokaci na tafiya a fuskarta, wato can an ɗaga an ajiye. Tun yaushe? Bai sani ba. Wataƙila tun wasan farko. Ya tuna yadda yake ƙure ido har kansa ya yi ciwo, yana tauna kowace kalma kafin ya sake ta, ashe wa tebur yake yi wa bayani.

Bai ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Ya zauna ya ji shirin, karo na farko a rayuwarsa. Kuma wallahi shirin da daɗi. Baki gwani ne, ya sa shi ganin wasan fes, fiye da yadda yake ganin sa in ya miƙe tsaye. Har ya kama kansa yana murmushi a wani wuri, sai kuka ya ƙwace masa, kukan babban mutum, marar sauti, yana toshe baki da hula don kada maigadi ya ji.

Aka busa usur, jama'a suka fara watsewa. Wayar ta katse, ta sake yin ƙara.

"Ɗan kawu! Sannu da aiki!" Muryar Baki cike da fara'a. "Yau kam ka gani tar. Ko ɗaya ba ka kuskure ba."

Ido ya buɗe baki. Ya ji yadda Baki ke numfashi yana jira, numfashin mutumin da ke ɗauke da kaya yana tsoron kada su zube. Ya san shi tun suna yara, ya san ba mugunta ba ce.

"Madalla," ya ce.

"Muryarka fa? Mura ce?"

"Ɗan tari ne."

"Ka sha magani, ka ji? Asabar mai zuwa babban wasa ne, kada ka makara. In ba ka ni ba komai ba ne."

"Ba zan makara ba."

Ya sa wayar a aljihu, ya sauko yana lalubar bango da hannu. A ƙasa maigadi ya ɗago kai ya ce, "Mai walda, kai da ke sama, ka ga ƙwallon nan ta biyu kuwa?"

"Ban gani ba," in ji Ido. "Yaya aka yi?"