Ba Wannan Kwaɗon Ba

Kula, akwatin sanyi, cike da ƙanƙara. Kwalaben gwaji. Safar hannu, auduga, ragar kamun kifi. Rediyo na Baba, atamfa ta Selina. Abin da na ɗauko ke nan, kuma tun daga Gombi kular ke kan cinyata don kada ramukan hanya su fasa mini kwalabe.

Damina ce ta 1989. Na yi shekaru a Amurka ina karatun ƙwayoyin cuta. Kwaɗi ne suka dawo da ni Mubi, ba kewar gida ba.

Na tarar da mahaifina, Baba Ezekiya, a barandar gidanmu na Sabon Layi, ƙafar hagu a kan kujera 'yar tsugunne. Warin ne ya fara gaishe ni. Fartanya ce ta sare shi a gonar Duvu, ga ciwon sukari. Ƙanwata Selina tana ta fasa kafso ja da yalo tana barbaɗa garin a kan gyambon. Yatsu biyu sun yi baƙi.

"Asibiti sun ce Yola," in ji Selina. "Wai sai an yanke yatsun."

"Su ce," in ji Baba. "Zira ya dawo. Dokta yana gida, ina zan je neman wani?"

"Baba, ni ba irin wannan doktan ba ne."

"Dokta dokta ne."

Da Hausa muke magana. Yarenmu na Kamwe ya zube mini tun a makarantar kwana. Ina jin gaisuwa da zagi, sauran babu. Na ce lallai a tafi Yola. Ya ce bari a gama noman gyaɗa. Na ce to.

Na shiga aikina. Ina zuwa bakin mayo, wato rafi, da raga, in dawo da kwaɗin ruwa, shimfiɗaɗɗu masu santsi da 'yan farata a ƙafar baya. Ina zuba su a baho a tsakar gida, in goge majinar bayansu da auduga, in sa a kwalba, in sa a ƙanƙara. Anti Margret, ƙanwar Baba, ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu.

"Dokta, Amurka babu nama ne?"

"Ba ci zan yi ba, Anti."

"To aure za ka yi masu?"

Selina ta yi dariya har ta zubar da tsakin dawar da take tankaɗewa. Ni kuwa na samu masu sauraro, na buɗe baki. Na ce an taɓa lura da wani abu: a tsaga cikin kwaɗo, a ɗinke, a mayar da shi ruwa mai datti, ciwon ya warke ba ruɓa. Fatarsa na fitar da wasu 'yan guntayen sinadari masu huda jikin ƙwayar cuta, kamar ƙaya ta huda salka, ta tsiyaye ta mutu. Na ce akwai irinsu a jikin ƙwari da dabbobi da yawa, makami ne da aka haife su da shi. Na ce har ƙwayoyin da suka gagari kafso ana sa ran ba za su gagare shi ba.

"Har wanda ya gagari kafso," Baba ya maimaita daga baranda.

"Wata rana," na ce. Na riga na sunkuya kan baho.

Ƙanƙarar da nake saye wurin mai firji ba ta da tabbas, don haka na shirya da Hamman, mai motar Fijo, ya kai ni Yola ranar Asabar in hau jirgi da kwalabena. Kafin nan na tafi ƙauyukan Gude neman wasu tafkuna. Na yi kwana biyu can.

Na dawo ranar Asabar da hantsi. Hamman ya riga ya iso, yana goge gilashi. A tsakar gida matan zumunta na coci suna waƙa a hankali. Baba na kwance a tabarma, ga kwanon amai kusa da kansa. An naɗe ƙafar da tsumma mai kauri.

Na warware. Kwaɗo ne, an tsaga shi biyu an kifa a kan gyambon. Kwaɗon tudu, mai ƙuraje, irin wanda ke kwana bayan randa. Farin ruwan da ke fita daga kumburin bayan idonsa ya bushe a gefen ciwon.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Anti Margret. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Na huɗu ke nan. Safe da yamma. Kai ka ce."

"Ba wannan kwaɗon ba."

"Kwaɗo ka ce."

"Na ruwa. Kuma ba haka ake yi ba. Sai an tace, an gwada, shekaru..."

"Naka na baho ƙanana ne, kuma na aikinka ne, ba mu taɓa ba. Na zaɓo manya." Ta juya ga matan. "Ku ji fa. Kwaɗo ka ce ko ba kwaɗo ka ce ba?"

Kwaɗo na ce. A ɗakin bincike kowanne da sunansa, ba mai haɗa su ko a mafarki: ɗaya na da maganin da nake nema, ɗaya na da dafin da ke rage bugun zuciya. Hausar da nake da ita suna ɗaya ta ba ni. Wataƙila a Kamwe suna biyu ne. Ban sani ba.

Na kama wuyan hannun Baba. Bugun a hankali, yana tsallake. Jikin kamar garwashi. Baƙin ya wuce yatsu ya hau tafin ƙafa, ga jan layi ya miƙe zuwa gwiwa.

"Ƙafa ta yi sauƙi," in ji shi. "Ba na jin zafi yanzu."

"Saboda naman ya mutu ne, Baba."

Waƙar ta tsaya.

"A gaban mutane za ka faɗa mini haka?" Ya ɗago kai da ƙyar. "Na gaya wa fasto ɗana ya kawo magani daga Amurka. Na gaya wa kowa."

"Ban kawo ba. Babu shi tukuna. Ni ba na warkar da kowa."

"To me ka je yi?"

Na wanke gyambon da ruwan gishiri, na naɗe da audugata. Na buɗe kula, na kwashe kwalaben na jera a baranda cikin rana, na juye ƙanƙarar a tawul na ba Selina ta riƙe masa a wuya.

"Yaya, aikinka," ta ce.

"Kama ƙafafunsa. Hamman, kwantar da kujerar baya."

Bai da nauyi. Ya riƙe ƙyauren gida da hannu ɗaya, na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Anti Margret tana bin mu tana cewa a bari a gwada na ruwan, tunda shi ne daidai, ga su nan cike da baho.

Muka kwantar da shi. Selina ta shiga ta ɗora kansa a cinya.

"Zira," ya ce. Bai ce Dokta ba. "In suka yanke, da me zan je Duvu?"

"Da ɗayar."

Na rufe ƙofar motar.

"Yola," na ce wa Hamman. "Inda likita ya ce a yanke, nan za a yanke. Ni zan sa hannu."