Ƙafar Daman Ojara

Ranar da aka ce Ojara na tafe, ni aka ɗora wa nemo ƙwan. Ni Abalo, da 'yan tawayen da muke kira 'yan daji suka kashe mini mijina Kidega a gonar riɗi, ni ce zan bi kaza in samo ƙwan da ɗan daji zai taka ya shigo gida. Ojara ƙanena ne ciki ɗaya. Yana ɗan shekara goma sha uku suka ɗauke shi a hanyar makaranta, na kuma san ba da son ransa ya bi su ba. Sanin bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da bindigarsu, ni kuwa duk wanda ya riƙe ta shi ya mai da ni gwauruwa.

Na ajiye ƙwan a bakin hanyar gida, na gitta sandar buɗe rumbu a gabansa. A al'adarmu, wanda ya daɗe a daji sai ya fasa ɗanyen ƙwai da ƙafar dama ya tsallake sandar, mugun abin da ya kwaso ya tsaya a waje. In bai taka ba, ba mai sa hannu a kwano ɗaya da shi.

Da hantsi babur ya kawo shi daga garin Kitgum. Wani dogon mutum ya sauko da sanda a hammata, ƙafar wandonsa ta dama a naɗe an ɗaure a gwiwa. Inna ta yi kansa aka riƙe ta, don ba a taɓa shi sai ya taka.

Baffa Latigo, babban gidanmu tun rasuwar Baba, ya dubi ƙwai ya dubi wando. Ya ce, "Ina ƙafar daman?"

"Nakiya ta cinye, Baffa."

"To ai ba a takawa da hagu. Tun kaka da kakanni ban ji ba."

Wani ya ce ya taka da sandarsa. Baffa ya ce, "Sandar ce ta yi yaƙi? To mu wanke ta mu ba ta ɗaki."

Tsofaffi suka koma gindin mangwaro ana ta ja-in-ja har rana ta take. Ojara na tsaye a ƙafa ɗaya, gumi na zuba, bai nemi ko kujera ba. Yaron da na sani, tuwo ya yi jinkiri sai ya shure kwano. Haƙurin nan nasa ya ba ni haushi, na matsa kusa da shi.

Na ce, "Kai ba ka da baki ne? A dajin ma haka kake tsayuwa kamar turke?"

Ya ce, "Yaya, ƙyale su. Suna da gaskiya su ji tsoro, ni ma tsoron abin da na kwaso nake ji." Ya sunkuyar da kai. "Na ji labarin Kidega. Ba ni ba ne, lokacin muna nesa. Amma na yi wa wasu matan abin da aka yi miki. Ba zan ɓoye miki don in sami wurin kwana ba."

Da ƙarya ya yi mini, da na ji daɗin ƙinsa. Ya gyara sanda, ya ce wa mai babur ya tayar su koma. Sai Inna ta saki wani kuka, irin wanda ta yi ranar da muka yi zaman makokin Ojara ba gawa. Tausayi ya kama ni, ban kuma so hakan ba.

Na fizge sandar hammatarsa na yar, na kwance ɗaurin wandon.

"Baffa, wannan dungun na dama ne ko na hagu?"

"Na dama ne, amma..."

"To abin da daji ya rage mana ke nan. Da shi zai taka."

Na sa kafaɗa a hammatarsa muka durƙusa tare. Dungun ya sauka a kan ƙwan, ya fashe, ruwan ya fantsamo mini a ƙafa da bakin zane.

Baffa ya dubi fasasshen ƙwan. Can ya nuna ƙafata, ya ce, "Abalo, ya taɓa ki fa."

Na ɗaga Ojara, na fuskantar da mu wajen sandar rumbu. Na ce, "Bar shi, Baffa. Ni ma ina da abin da zan bari a waje."